Gidan Kano a Filin Ikorodu: Abin da Za a Ɗauko da Abin da Za a Bari

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, na daɗe a Legas, kuma Allah ya hore mini fuloti ɗaya a wajen Ijede ta Ikorodu, ƙafa 60 a 120. Filin yana da ɗan gangare, a bayansa kuma akwai fadama da ke cika da damina. Burina in gina gida irin namu na Kano, mai zaure da tsakar gida da rufin kankare, amma babban ɗana ya kawo mini hoton wani gida na zamani mai manyan gilasai, ya ce shi ake yayi. Magini kuma ya ce yana da zanen da ya riga ya gina wa mutane da dama, in biya kawai a fara aiki. Wanne ya kamata in bi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a filin, ya kuma nuna mana ranar tarewa. Idan na fahimce ka, abubuwa uku aka ajiye a gabanka: gidan da ka taso a cikinsa, gidan da ɗanka ya gani a hoto, da gidan da magini ya saba ginawa. Dukkansu ukun an tsara su ne domin wani wuri dabam, babu wanda aka zana bayan an tsaya a filinka an ga inda rana ke faɗuwa, inda iska ke fitowa, da inda ruwa ke bi. A aikinmu na zanen gine-gine wannan shi ne matakin farko, kuma a ganina shi ya kamata ya raba gardamar da ke tsakaninka da yaron. Ra'ayina a taƙaice shi ne ka riƙe tsarin gidan Hausa, wato zaure da tsakar gida da suturar iyali, amma ka sake masa jiki gaba ɗaya, domin jikin da ya dace da Kano ba zai yi ƙarko a bakin tafkin Legas ba.

Dalilin da ya sa ginin Kano yake yadda yake

Kaurin katangar tubali, ƙananan tagogi da rufin soro ba ado ba ne kawai, amsa ce ga yanayin ƙasar Hausa. A Kano iska busasshiya ce a mafi yawan shekara, rana tana ƙuna, amma dare yana sanyi, musamman da hunturu. Katanga mai kauri tana shanye zafin yini a hankali, ba ta barinsa ya shiga ɗaki da wuri, sannan idan dare ya yi ta sake shi ta huce kafin gari ya waye. Ƙaramar taga tana tare ƙura da hucin bazara. Rufin azara da ƙasa kuma yana iya jure ruwan da ke sauka cikin 'yan watanni kaɗan, matuƙar ana yi masa yaɓe ana gyara indararo kafin damina.

Legas ta saɓa wa wannan ta kowace fuska. Ruwan da ke sauka a nan cikin shekara ya kai milimita 1,500 ko fiye, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan sarari a Agusta, sannan ƙarama a Satumba da Oktoba. Iska cike take da laima, bambancin zafin rana da na dare kuma kaɗan ne, saboda haka katangar da ta sha zafi da rana ba ta samun sanyin da za ta huce da shi. Abin da ke sanyaya jikin mutum a Legas shi ne iska mai motsi da ke busar da gumi. Duk ɗakin da iska ba ta ratsa shi ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani, to zai yi zafi, tufafi su yi fumfuna a cikin kabad, fenti ya riƙa ɓarewa. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Maxwell Fry da Jane Drew, da suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun yi ɗakin karatun jami'ar da bangon kankare mai huji-huji wanda ke tare rana ya bar iska ta wuce. John Godwin da Gillian Hopwood sun yi shekaru da yawa suna irin wannan aiki a nan Legas. Demas Nwoko, wanda aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin zanen gine-gine na Venice a 2023, ya gina cocin 'yan Dominican a Ibadan da kayan gida, da tsarin da haske da iska ke shiga ba tare da dogaro da na'ura ba. Abin takaici, da siminti da janareta suka yawaita, sai muka koma gina akwatuna a rufe muna sa ran na'urar sanyaya ɗaki ta gyara abin da zane ya ɓata.

Ƙasa da ruwa kafin komai

Maganar fadamar da ke bayan filinka ita ta fi ɗaukar hankalina a tambayar, fiye da batun gilashi. Ƙasar Legas ba iri ɗaya ba ce. Ikeja da Agege da tudun Ikorodu suna kan jar ƙasa mai ƙarfi, inda harsashi na yau da kullum kan wadatar ga gida ƙasa ko bene hawa ɗaya. Lekki da Ajah da gefen tafki kuwa yashi ne da laka da ciko, ruwa yana kusa ƙwarai, wani wurin ma akwai baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai a ƙarƙashi wadda ke lotsawa idan an ɗora mata nauyi. Yankin Ijede yana da duka biyun, kuma fili mai gangare zuwa fadama yana iya zama gabansa ƙasa mai ƙarfi, bayansa laka. Gini da ya hau kan ƙasa iri biyu shi ne ya fi saurin tsagewa, domin gefe ɗaya yana nitsewa ɗayan yana tsaye.

Saboda haka a yi gwajin ƙasa tun kafin a ja layi ɗaya a takarda. Sakamakon ne zai nuna wa injiniya ko harsashin da aka saba ya isa, ko sai an zuba faffaɗan kankare guda ɗaya da ginin zai zauna a kai, ko kuwa sai an kafa turakun kankare har su taɓa ƙasa mai ƙarfi. Kuɗin gwajin ƙanƙane ne idan aka kwatanta da kuɗin rodi da siminti da za a binne, kuma sau da yawa yakan rage kashe kuɗi, domin magini da bai san ƙasa ba ko dai ya yi ƙwauro ko ya yi almubazzaranci. Tun bayan rushewar bene mai hawa 21 a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, wanda ya hallaka mutum fiye da 40, mutane sun ƙara sanin cewa a Legas ba a wasa da lissafin injiniya. Gidanka ba bene mai tsawo ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Abu na biyu shi ne ka je filin da kanka a watan Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa. Ka duba inda ruwa ya kwanta, ka duba alamar laka a jikin katangun maƙwabta, ka tambayi tsofaffin unguwar iyakar inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Wanda ya sayar maka da fili a watan Janairu ba zai ba ka wannan labari ba. Kai da ke Mile 12 ka san yadda Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu ke cika idan an saki ruwan dam ɗin Oyan zuwa kogin Ogun, alhali da rani wuraren sun bushe ƙayau. Daga abin da ka gani ne za a tsayar da tsawon daɓen gida. Ni a al'adata nakan ɗaga daɓe sama da alamar ambaliya mafi girma da aka sani, kuma sama da titi da tazara mai kyau, saboda a Legas duk ranar da gwamnati ta zo gyaran titi sai ta yi ciko ta ɗaga shi, gidajen da ke daidai da titi jiya su wayi gari a cikin rami. Na ga gidaje masu tsada da masu su ke sauka matakala kafin su shiga falonsu, ruwan titi kuma yana bin su.

A tura ginin zuwa gefen tudu na filin, a bar gefen fadama ya zama lambu. Kada a cike fadamar, kada kuma a toshe hanyar da ruwa ya saba bi, ko da kana ganin cikin filinka take. Ruwan da ka kora zai shiga gidan maƙwabci, kuma gwamnatin jiha ta rushe gidaje a yankin Lekki da Ikota a 'yan shekarun nan saboda an gina su a kan magudanan ruwa. Haka nan kada a malale tsakar gida duka da siminti, a bar ƙasa da ciyawa da bishiyoyi su sha ruwa, inda mota za ta taka kuma a shimfiɗa ƙananan bulo masu haɗe-haɗe waɗanda ruwa ke bi ta tsakaninsu. Sokawe ya kasance nesa da rijiyar burtsatse kuma a ƙasa da ita ta fuskar gangare. Inda ruwa ke kusa da sama, sokawe na yau da kullum ba ya tsotsewa, sai an nemi wani tsari na rufaffen tanki.

Rana, iska da batun gilashi

Legas tana kusa da layin da ya raba duniya biyu (ikweta), kimanin digiri 6 da rabi a arewa da shi, don haka da tsakar rana rana tana kusan tsaye a ka. Daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba takan ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma kudu. Ma'anar wannan ita ce bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa, domin rufi da ya zarce bango da kamar mita ɗaya ya isa ya yi musu inuwa mafi yawan yini. Bangon gabas da na yamma su ne matsala, musamman na yamma, wanda ranar la'asar ke duka kai tsaye a lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. Shi ya sa muke son doguwar fuskar gida da manyan tagogi su dubi arewa da kudu, a sanya matakala, sito da banɗakuna a yamma su zama garkuwa. Fuloti mai ƙafa 60 a 120 ba kullum yake ba da wannan dama ba, ya danganta da inda titi yake, kuma a nan ne aikin mai zane yake: idan dole ɗakin kwana ya dubi yamma, sai a sa masa baranda mai zurfi, ko bango mai huji, ko a dasa bishiya.

Iskar da ke sanyaya Legas daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, a mafi yawan shekara. A tsara kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu, kuma kada a jera ɗakuna biyu da dogon lungu a tsakaninsu kamar otal. Tagar da ake turawa gefe, wadda ta cika gari yanzu, rabinta kawai ke buɗewa. Tagar da ke buɗewa waje kamar ƙofa tana ba da iska duka, tagar luba kuma, mai jerin siraran gilasai da ake karkatarwa, da mutane ke rainawa a matsayin ta tsofaffin gidaje, tana da wata fa'ida da babu mai ita: ana iya barinta a buɗe ana tsaka da ruwan sama. A tuna cewa ragar sauro tana rage iska, don haka a ƙara girman tagar tun a zane. Silin ya yi tsawo, mita 3 ko sama da haka.

Game da hoton da yaron ya kawo, ba na cewa gilashi haramun ne a Legas. Gilashi mai inuwa a kansa, wanda ke duban arewa ko kudu ko tsakar gida, yana kawo haske mai daɗi ya rage kunna fitila da rana. Amma bangon gilashi tsirara, mara rumfa, wanda ba ya buɗewa, an yi shi ne domin ƙasashen da ke neman zafin rana ya shigo musu ɗaki. A nan zai tilasta maka kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ko sola za ka sa, girman batir da faranti yana bin yawan zafin da gidan ke tarawa. Ga kuma batun sutura: a gidan da ke da iyali, irin wannan gilashi da labule yake ƙarewa a rufe kullum, an biya kuɗin haske an zauna a duhu. Yaron yana da gaskiya a abu ɗaya, cewa gida ya zama mai haske da sarari, kuma ana iya ba shi hakan ta ɓangaren tsakar gida.

Zaure da tsakar gida a ƙasar ruwa

Zaure ka riƙe shi, babu abin da yanayin Legas ya rage masa. Yana ba ka wurin karɓar baƙi da abokan kasuwa ba tare da sun ratsa cikin gida ba, kuma a garin da baƙo daga Arewa ke iya sauka a kowane lokaci, ɗaki ɗaya da banɗaki da wurin alwala a jikinsa suna da amfani ƙwarai. A karkatar da ƙofar ciki kada ta yi saiti da ta waje, kamar yadda aka saba. Ko Tosin Oshinowo, wadda 'yar Legas ce, da ta zana sabon ƙauyen Ngarannam a Jihar Borno da aka buɗe a 2022, ta sanya zaure a gidajen saboda mutanen wurin sun nuna mata cewa rayuwarsu ba ta cika sai da shi. Tun a zane kuma a lura da alƙibla, wadda a Legas take gabas maso arewa, domin wurin salla ya daidaita kuma mazaunin banɗaki kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya.

Tsakar gida ce ke buƙatar gyara. Ƙaramar tsakar gida da dogayen bango suka kewaye ta ko'ina tana tara sanyin dare a Kano, amma a Legas laima take tarawa, gansakuka ta kama bango, sauro ya samu wurin zama. Abin da na fi yi wa mutanenmu shi ne ginin ya kewaye ta ta gefe biyu ko uku, a bar gefen kudu ko kudu maso yamma a buɗe ko a rufe shi da bango mai huji, sannan baranda mai rufi ta zagaye ta yadda uwargida za ta tashi daga ɗaki zuwa kicin ana ruwa ba ta jiƙe ba. Tsofaffin gidajen Yarbawa ma suna da tsakar gida, kuma da baranda suke kewaye ta, rufin ya zubo da ruwa tsakiya a tara shi. Maƙwabtanmu sun riga mu sanin yadda ake zama da wannan ruwan, babu aibi a koya daga gare su. A wani gida da na zana a Agege, barandar ce ta zama wurin da iyalin ke yini, a nan ake tsintar shinkafa, a nan yara ke karatun allo, falon da aka kashe wa kuɗi kuwa sai an yi baƙi ake buɗe shi.

Katangar waje tana da nata lissafin. Tsaro da sutura suna son ta yi tsawo, iska kuma tana son ta yi gajarta. Mafita ita ce ƙasanta ya zama toshe har ya wuce tsawon idon mai wucewa, samanta kuma bulo mai huji. Idan da hali a yi bene, ɗakunan kwana a sama sun fi samun iska, kuma ginin zai ci fili kaɗan ya bar wa lambu wuri.

Rufin kankare shimfiɗaɗɗe kuwa, shawarata ka haƙura da shi, sai dai a ƙaramin wuri kamar inda tankin ruwa zai zauna. Ana iya yin sa ya yi kyau, amma yana buƙatar gangare na gaske, shafe mai hana yoyo da ake sabuntawa, da magudanar da ake sharewa a kai a kai, kuma kankaren yana riƙe zafi ya sako shi kan mai barci. Haka nan yayin ɓoye kwano a bayan ɗan bango domin gida ya yi kama da akwati: ganye ɗaya ya toshe magudanar, sai ruwa ya koma cikin silin. Yawancin kiran gyara da nake samu da damina daga irin wannan rufi ne. Dogon rufi mai tsini da ake yayi a wasu unguwanni shi ma ɓarnar katako ne. Rufi mai matsakaicin gangare, wanda ya zarce bango sosai, da abin tare zafi a ƙarƙashin kwano da ƙofofin iska a tsakanin kwano da silin, ya fi su duka. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022, ya yi suna ne da makarantar ƙauyensu Gando, inda ya ɗaga kwano sama da silin domin iska ta kwashe zafin. Irin wannan rufi yana ba ka ruwa ma: kowane milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 200 yana zubar da kusan lita 300,000 a shekara, abin da ya cancanci a yi masa tanki. Kusa da tafki iska tana da ɗan gishiri, saboda haka kwanon alminiyam ya fi na ƙarfe jure tsatsa, rodi kuma a tabbatar kankare ya lulluɓe shi da kauri, a yi amfani da yashi mai tsabta, a sa ledar hana danshi a ƙarƙashin daɓe, a yi wa katako maganin gara.

Zanen magini da takardu

Zanen da magini ya ce yana da shi ba lallai ne ya zama mummuna ba, amma riga ce da aka ɗinka wa wani. Bai san inda yammacin filinka yake ba, bai san fadamar ba, bai san yawan iyalinka ba. Kuma hukumar ba da izinin gini ta jiha, LASPPPA, tana neman zanen da mai rajista ya sa wa hannu, mai zane a ƙarƙashin ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, injiniya a ƙarƙashin COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, tare da takardar safiyo da shaidar mallaka, yayin da LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine ta jiha, ke duba aikin mataki-mataki. Akwai tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da katanga ta gaba da baya da gefe, wadda mutane ke ganin asarar fili ce, alhali ita ce hanyar iskarka. Kafin duk wannan, a kai takardar safiyo ofishin Babban Safiyo na jiha a tabbatar filin ba ya cikin wanda gwamnati ta karɓe ko hanyar magudana. Maginin naka ka riƙe shi idan hannunsa yana da kyau, amma ya yi aiki da zanen da aka yi domin wurin.

Duk abin da na faɗa a nan daga bayaninka na gina shi, ban taka filin ba, kuma hukuncin harsashi na injiniyan da ya ga sakamakon gwaji ne, ba nawa ba. Abu ɗaya da zan ƙara, saboda na san yadda 'yan kasuwa ke gini a hankali gwargwadon yadda ciniki ya kama: idan kana da niyyar ɗora bene nan gaba, ko fitar da shaguna a gaba, ko ware wa yaron sashensa idan ya yi aure, ka faɗa wa mai zane da injiniya tun yanzu, a lissafa harsashi da ginshiƙai a kan cikakken gidan, sannan a fara da zaure da ɗakunan da kuɗin hannu zai iya rufawa kafin damina ta sauka.